Tukunyar Anti Kamalam

Madarar ta kusa kaiwa bakin tukunya lokacin da Barira ta fito shanya. Ba kowa a barandar. Sabuwar tukunyar ƙasa ce a kan ƙaramin murhun gas, an ɗaura mata ɗanyen kurkum a wuya, an jingina rake biyu a bango. Barira ta yi abin da uwarta ta koya mata a Fagge: ta rage wuta, ta ruga kicin ta ɗebo man gyaɗa a cokali ta ɗiga. Kumfar ta kwanta luf.

Sai ga mai tukunyar ta fito tana dogara sanda. Anti Kamalam 'yar ƙabilar Tamil ce mai shekara tamanin da ɗaya, ƙofarta na kallon ta su Barira a hawa na tara, a unguwar Setapak, can ƙasar Malay.

"Saura kaɗan ta zube, Anti. Allah Ya sa na gani," in ji Barira cikin guntun Malay ɗinta.

Tsohuwar ta leƙa tukunya, ta ga mai yana yawo a sama. Ta zauna a kujera ta dafe kai.

Abdulgani, mijin Barira, ya leƙo da kofi a hannu. Shekararsa huɗu yana karatu a ƙasar, matar kuwa watanta biyar.

"Me kika yi?"

"Taimako."

"Pongal ne fa, bikin girbin 'yan Hindu. Suna dafa sabuwar shinkafa da madara, su gode wa rana da ta nunar da amfanin gona. Zubewar ake jira. In ta tumbatsa ta zuba, shekara ta yi albarka."

"Wato da gangan suke ɓarnar?"

Anti Kamalam ta nuna agogo. Kalandar gidan ibadarsu ta ce sa'a mai kyau za ta fita takwas da rabi, kuma yanzu takwas da minti goma sha uku. Ɗanta Selvam yana maƙale a cunkoson motoci a hanyarsa daga garin Klang.

"Shekara sittin tukunyata ba ta taɓa ƙin zuba ba," ta ce. "Likita kuma ya ce kada in sa rai da na baɗi."

Barira ta ƙure wuta. Madarar ta yi ta ɓararraka a ƙasa, ta ƙi tasowa. Man gyaɗan Kano ne, ba ya wasa da aikinsa.

Ta shiga gida ta buɗe firij, ta fito da kwalin madara biyu.

"Ta shayina ce wannan," in ji Abdulgani.

"Yau baƙi za ka sha, Malam."

Ta juye ta farko, ta ɗauraye tukunyar, ta zuba sabuwa. Sannan ta ga ya kamata ta fayyace matsayinta.

"Anti, ni ba ruwana da rana. Wuta kawai na ƙara."

"Wa ya tambaye ki? Janye hannunki."

Madarar ta fara hawa. Hannun Barira ya nufi makunnin da kansa, tsohuwar ta ƙwala masa sanda. Ya sake nufa, Barira ta riƙe shi gam a cinyarta. Takwas da ashirin da bakwai kumfar ta haura baki, ta gangaro ta ɓangaren gabas.

"Pongalo Pongal!" in ji Anti Kamalam, da muryar da ta kai hawa na bakwai.

"Innalillahi," in ji Barira, tana kallon daɓen da ta goge jiya.

Tsohuwar ta watsa shinkafa a ciki tana dariya har da tari.

Bayan kwana tara ta rasu a kujerar nan, da hantsi, rediyonta na magana. Barira ce ta lura shayinta ya huce ba a taɓa ba.

Da Selvam ya zo kwashe kaya, ya ƙwanƙwasa musu ƙofa da tukunyar a hannu.

"Ta ce a ba ki. Wai ki riƙa koyo."

Barira ta wanke cikinta sau uku, ta ajiye ta a kan taga. Bayanta kuwa, inda madarar ta gangaro ta ƙone, ba ta kai masa soso ba.