Hawan Dutsen Aburi

Ni Egya Ato, shekarata saba'in da tara, haƙorina ko ɗaya bai faɗi ba. Shekara talatin na yi ina saɓa buhun koko a tashar jirgin ruwan Takoradi, kuma duk waɗanda muka yi aikin tare ni na raka su makabarta. Ban taɓa riƙe biro ba, amma na sa ɗana Ekow ya riƙe. Ya zauna kujerar ofis a Akra har tumbi ya hana shi ɗaure takalmi.

Yana cika hamsin da biyu likita ya ce jininsa ya hau, ko ya rage jiki ko ya kwanta. Ya ce masa tafiya a hankali, ban da gudu. Sai Ekow ya shiga ƙungiyar da ke hawan dutsen Aburi duk safiyar Asabar, da usur da waƙa. A ƙungiyar tasu, wanda ya iso ƙarshe ana rataya masa ƙararrawar akuya, a kewaye shi da tafi. Sati biyar Ekow yana shigo mini gida da ita.

Abin ya ci mini rai. Sati na shida na zura silifas na bi su.

Shugabarsu, Anti Araba, tana ganina ta ce wa Ekow, "Manaja, yau ka zo da mai goya ka ne?"

Na ce, "'Yata, na zo nuna muku ba a wurina ya gado ba."

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, ta yaƙe.

A kwanar hanya ta biyu na wuce shi yana haki. Ya ce, "Papa, jira ni mana."

Na ce, "Ɗaga ƙafa, mai ciki. Wata nawa ne, mu shirya suna?"

Ban waiwaya ba. Ina jin takunsa ya sauya, ya koma gudu, jama'a suna masa kirari. Daɗi na ji, na ce yau jinina ya motsa a jikinsa. Ni ne na bakwai a saman dutsen cikin mutum arba'in, a tambayi kowa. Ina tsaye ana ɗaukata hoto sai usur ya yi shiru a ƙasa.

Bai mutu ba. Ɓarin jikinsa na dama ne ya tafi, bakinsa ya karkace. Wata takwas ke nan, kujerarsa ta ofis wani ne a kai.

Kullum da safe nakan fito da shi tsakar gida da sanda, mu nufi ƙofa. Taku goma sha huɗu ne. Ya taɓa yin tara. Tun watan jiya shida yake yi ya tsaya. Likita ya daina cewa zai tashi, sai dai ya ce a ci gaba.

Jiya matarsa ta tambaye shi, a gabana, me ya sa shi gudu ranar. Ya daɗe yana kallona, miyau na zubo masa. Sai ya ce mata ya manta.