Karen da Aka Hana wa Suna

Injiniya bai fita neman kare ba. Yana kwance rigingine a ƙarƙashin wata tsohuwar mota a garejinsa, yana fama da wani noti da ya ƙi kwancewa, sai ya ji wani abu mai sanyi yana lasar masa kunne. Ya zabura, goshinsa ya daki ƙarfe, ƙwal! Da ya waiga, sai ga ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin, haƙarƙari duk a waje, yana kaɗa masa wutsiya kamar sun daɗe da sabawa.

"Kai, tafi can!" in ji Injiniya.

Ina! Ko gezau. Ya bi shi wajen injin, ya bi shi wajen famfo, da ya zauna cin burodi ya zo ya tsuguna a gabansa ya zuba masa ido. Shi kuwa Injiniya, bakanike ne da ya ba hamsin baya. 'Ya'yansa duk sun watse, autarsa ma ta tafi koyon aikin jinya a wani gari, gida ya yi tsit. Rabon da wani ya taho da gudu don murnar ganinsa har ya manta. Kafin a tashi daga aiki, ɗan abin nan ya gama da shi. Ya naɗe shi a tsohuwar rigar aiki ya nufi gida, yana jan ƙafa, don ya san wadda zai tarar.

Matarsa, Maman Auta, tana kan keken ɗinki a tsakar gida. Ta ɗaga ƙafa daga feda, ta leƙo ta saman tabarau.

"Mene ne wannan?"

"Kare ne."

"Na ga kare ne, ai ban makance ba. Me yake yi a gidana?"

Ya kawo maganar gadi, ya kawo maganar tausayi, har ya ƙirƙiro ɓarayin da ba a taɓa gani ba a layin. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ce ƙaninta mai gonar kaji ya daɗe yana neman kare, za ta kira shi ya zo ran Asabar ya ɗauka.

"Kafin nan ya zauna can baya, wajen tsofaffin tayoyinka. Kuma ka ji ni da kyau, Baban Auta, kar ka kuskura ka sa masa suna. Na san halinka. Motar mutane ma in ta kwana biyu a garejinka sai ka raɗa mata suna, ranar da mai ita ya zo ɗauka ka yini kana kumbure-kumbure."

Wannan kam gaskiya ne, sai ya ɗauki kwikwiyon ya yi bayan gida da shi.

Washegari ya kai kukansa wajen Mai Faci, amininsa da ke da rumfa a bakin garejin. Mai Faci ya ci gaba da dulmiya tayar mota cikin baho yana duban inda kumfa za ta fito, sai da ya gano hudar sannan ya ɗago.

"Kai ta hana. Ta hana kanta ne?"

"Ban gane ba."

"Ka sa ita ta raɗa masa. Duk wanda ya sa wa dabba suna da bakinsa, ba ya iya miƙa ta ga wani. Me ta fi so a duniya, bayan 'ya'yanta?"

Injiniya ya sosa ƙeya. Ba shi ba ne dai, ya sani. Can ya ce, "Garinsu. 'Yar bakin kogi ce. In ka taɓa garin nan, ka taɓo faɗa."

"To ka taɓo," in ji Mai Faci, ya ɗauki gam.

Da yamma bayan sun ci abinci, Injiniya ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu, ya yi kamar da kansa yake magana.

"Ba suna zan sa masa ba fa. Tunani kawai nake. Tunda wajen ɗan'uwanki zai koma, da ma a ba shi sunan wani abu na garinku. Kamar Kada."

Allura ta tsaya a hannun Maman Auta.

"Kada? Wa ya ce maka akwai kada a koginmu?"

"Af, babu? To Sauro. Wannan dai kuna da shi, har na sayarwa."

"Baban Auta!"

"Ko Taɓo. Ai abin da na gani ke nan lokacin da muka je ɗaurin aure. Taɓo da warin kifi."

Tirƙashi! Ta ajiye rigar da take wa kalmasa, ta cire tabarau, ta gyara zama ta fuskance shi. Shi kuwa yana ta danne dariya, yana cewa a ransa, Mai Faci, Allah ya yi maka albarka.

"Kai da ka je sau ɗaya, ka yini kana mitar hanya ta kashe maka taya, me ka gani? Ka taɓa ganin kogin nan ya kawo? Ka kwanta da gona a bayan gida, ka tashi da safe ka ga ruwa har inda ido ya ƙare, sai kawunan itatuwa, maza suna wucewa a kwale-kwale suna gaisawa da mu ta kan katanga? Ka taɓa jin iskar da ke riga hadari zuwa, wadda ke taso da ƙanshin ruwa tun daga wancan ƙetaren? Taɓo! Mutumin da ya tashi a cikin hayaƙin mota ne zai ce min taɓo."

Ya so ya sake tsokana, amma ba ta ba shi wuri ba. Ta shiga ba shi labarin yadda ruwa ke janyewa bayan damina, ya bar ƙananan kududdufai cike da kifi, yara su kama da hannu. Ta faɗa masa yadda tudun yashi ke fitowa a tsakiyar kogin, mata su ɗauki wanki a ka su ratsa ruwa iya gwiwa, su shanya zannuwa a kansa. Da rana yashin yakan ƙona tafin ƙafa har sai ka yi rawa, amma in ka tona da hannu, tsawon kamu ɗaya kawai, sai ruwa mai sanyi garau ya tsattsafo ka sha. Innarta takan haƙa musu rami ita da ƙaninta, ta zaunar da su ciki don kar su bi ruwa, ta ci gaba da wankinta tana waƙa.

Tana magana, harshenta yana komawa na can, tana jan ƙarshen kalmomi yadda bai ji ta yi ba tun suna sabon aure. Injiniya ya tarar ya naɗe ƙafafu, ya matso, dabarar ma ta fice masa daga kai. Wallahi daɗi yake ji. Sai da ta kai aya ta mayar da tabarau ta ce, "Ran Asabar dai yana tafiya," sannan ya tuna abin da ya zaunar da shi. Ba ta furta suna ko ɗaya ba.

Ya sake gwadawa washegari, ya kawo Kwaɗo, ya kawo Tarwaɗa. Ta yi masa kunnen uwar shegu. Mai Faci ma da aka koma masa ya ɗaga kafaɗa ya ce shi iya tasa ke nan.

Ran Asabar Injiniya bai fita aiki ba. Tun da safe yana can bayan gida a kan taya, kwikwiyon yana cizon igiyar takalminsa, shi kuma yana shafa masa kai yana cewa, "Kai, kai, bari mana." Baƙin ciki ya cika shi, ba ya ma ɓoyewa. Maman Auta ta zagayo da tsintsiya, ta dube su, ta yatsine fuska.

"Haka za a miƙa wa ɗan'uwana shi? Ya ce daga gidana aka kawo masa wannan ƙazanta? Dubi inda ya kwanta, duk baƙin mai. Tashi ka wanke shi."

Ta ajiye masa tsohon baho da garin sabulu da ruwan ɗumi, ta koma gefe ta harɗe hannuwa, don ba ta yarda da wankin bakanike ba.

Ya tsoma shi. Kwikwiyo ya yi ta ihu kamar ana yanka shi, ya fantsama masa kumfa a ido, ya zille, aka kamo shi ta ƙafar baya. Ruwan farko ya koma baƙi ƙirin. Na biyu ma haka. Injiniya yana cuɗawa yana mamaki, don baƙin yana bin ruwa yana tafiya. Ashe duk tsohon man inji ne da ɗan banzan ya yi ta birgima a ciki a garejin. A ruwa na uku sai ga wani kare dabam a cikin baho, ba fari ba, ba ja ba, wani irin ruwan ƙasa mai haske, bayansa ya ɗan fi duhu. Ya fito ya girgije, ya je ya tsaya inda rana ta faɗo, gashin yana ɗan ƙyalli.

"Ikon Allah," in ji Injiniya. "Ashe ba baƙi ba ne."

Ya waiga. Maman Auta ta saki hannuwanta, ta matso har bakin bahon, tana kallon karen ba ta ko ƙiftawa.

"Yashi," ta ce a hankali.

"Na'am?"

"Yashin tsakiyar kogi, in ruwa ya janye bai gama bushewa ba. Haka yake sak. Har duhun nan na sama."

Injiniya ya kawar da kai. Ya san in ya yi murna yanzu ya ɓata komai, sai ya ɗaure fuska da ƙyar.

"Yashi? Wanda ake kawowa a tifa a yi bulo?"

"Ku nan abin da kuka sani ke nan, yashi a tifa!" Ta tsuguna, ta tafa hannu sau biyu. "Yashi! Zo nan, rabu da shi. Yashi!"

Ko muryar ce, ko tafin ne, oho. Kwikwiyon dai ya kwaso da gudu, santsi ya kwashe shi a jiƙaƙƙen siminti, ya mirgina, ya tashi ya zo ya zauna a gabanta. Ta ja zaninta gefe don kar ya lasa, amma dariya ta riga ta ƙwace mata.

Ana cikin haka aka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ƙaninta Mai Kaji ya yi sallama ya shigo da kwando a hannu.

"Yaya, ina kwana? Injiniya, an ce ka yi ɗa, ka ƙi gayyatarmu suna. Ina baƙin karen?"

"Babu baƙin kare a gidan nan," in ji Maman Auta.

Mai Kaji ya dubi kwikwiyon, ya dubi yayarsa, ya miƙa hannu zai ɗauka. Ta buge hannun.

"Kar ka taɓa min Yashi. Kajinka za su tsattsage masa ido. Je ka nemi wani."

"Yaya, ke fa kika kira ni! Na ƙona mai tun daga gona!"

"Ka zo ka gaida yayarka, laifi ne? Shiga ciki, akwai shayi a filas."

Ya shige yana dariya yana girgiza kai. Injiniya kuwa baki har kunne, ya rasa inda zai sa kansa, sai ya kama zubar da ruwan baho yana 'yar waƙa. Maman Auta ta miƙe ta karkaɗe zani.

"Ka daina wannan washe bakin. Ka ɗauka ban gane ba? Kada, Sauro, Kwaɗo. Tun daga Kada na san hannun Mai Faci ne."

Ya tsaya da baho a hannu, ya yi tsuru-tsuru.

"To me ya sa kika biye min?"

"Don na ji daɗi." Ta dube shi ido cikin ido, ba faɗa a muryarta. "Mun aurar, mun yi jikoki, ba ka taɓa zama ka ji yadda garinmu yake ba sai da kare ya shigo gidan nan. Ko da tsokana ce, ranar ka saurara. Ni kuwa na daɗe ina so in faɗa wa wani."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Kunya ta kama shi, tausayinta kuma ya fi kunyar. Ya kife bahon, ya goge hannu a wando, ya jawo taya ɗaya ya ajiye mata, ya zauna a kan ɗayar. Yashi ya zo ya kwanta a tsakaninsu.

"To wancan ƙetaren fa?" ya ce. "Me ke can?"

Ta zauna, ta gyara ɗankwali. Daga cikin ɗaki Mai Kaji yana ta kiran ina sukari, ba wanda ya kula shi.

"Wancan ƙetaren," in ji ta, "sai an shiga kwale-kwale. Kuma kai na san tsoron ruwa kake."