Waya ta Biyu zuwa Gidan Kaji

Babana ba ya yarda da abu guda ɗaya. Janareto biyu gare mu, famfon rijiya biyu. Duk mai kiwon kaji a yankinmu na Arkansas haka yake, amma abin ya fi kama Baba tun bara, da zafi ya kashe mana rabin kaji. Kamfanin da muke yi wa kiwon ya ce in an sake, ba za a ƙara kawo mana 'yan tsaki ba.

Shi ya sa ya kira Odell mai haɗa wayoyin intanet, ya kafa mana wani akwati a ɗakin wanki. Daga akwatin waya ta tafi sito, daga sito ta wuce gidan kaji. In fanka ta tsaya ko zafi ya hau, saƙo zai biyo ta nan har ya buga wa Baba a wayar aljihunsa. Ni aka ba aikin duba shafin akwatin a kwamfuta kowace safiya, tunda kullum ina gida. Kowace kafa da ake soka waya a jikin akwatin da ɗigonta, in kore ne lafiya lau.

Ranar Talata na duba, duk kore. Can sai ga Baba ya shigo jage-jage da gumi yana murmushi.

"Raelynn, na ƙara ja wata waya daga sito zuwa gidan kaji. In ɓera ya ci ɗaya, ga ɗaya."

"Ka gaya wa Odell?"

"Odell ɗin da aka haifa a gabana? Wando ma sai na nemi izininsa kafin in sa?"

Ya wanke hannu, ya tafi gari wurin likitan haƙori.

Da rana ta take na buɗe kwamfuta zan nemi yadda ake gasa burodin masara. Shafin akwatin yana nan a buɗe. Ɗigon kafar da ke zuwa sito ya koma ja, an rubuta an toshe ta. Ba na son kiran mutane, amma na kira Odell.

"Ke, ɗaga murya, ina kan tsani! An toshe? Tun yaushe?"

"Tun da hantsi, in ji shafin."

"Me tsohon nan ya taɓa kuma?"

Na gaya masa.

"Saurara. Waya biyu tsakanin wuri biyu, saƙo sai ya dinga kewaya, ya tafi ta wannan ya dawo ta waccan, ba tsayawa. Akwatin ya gani, ya rufe kafar don kada abin ya shaƙe sauran. Aikinsa ya yi. Amma tun lokacin babu labarin da ya fito daga gidan kaji. Ki zare waya ɗaya, yanzu. Ki ruga!"

Na ruga ba takalmi, tsakuwa na ƙona mini ƙafa. Na fizge sabuwar wayar a sito. A nan na tsaya, domin daga sito kullum ana jin rurin fankoki, yau kuwa sai kukan gyare.

Na tura ƙofar gidan kaji, zafi ya dake ni a fuska kamar an buɗe tanda. Makunnin fankoki ne ya faɗi. Na ɗaga shi, suka fara juyawa. Sannan na dubi ƙasa. Kaji ne zube fari fat har ƙarshen ɗaki, kuma babu motsi, sai 'yan kaɗan a bakin ƙofa da baki a buɗe. Na ɗauki ɗaya na tsoma bakinta a ruwa. Ba ta sha ba.

Wayata ta yi ƙara. Baba ne, maganarsa na fita da ƙyar saboda allurar haƙori.

"'Yar Baba, yanzun nan saƙo ya shigo mini, wai zafi ya hau. Kin ga amfanin abin? Da wuri aka kama shi. Je ki leƙa mini."

"Ina ciki, Baba."

"To? Yaya suke?"

Iskar fankoki tana ta kwasar gashin kaji tana manna mini a ƙafa.

"Raelynn? Yi magana mana."

"Baba, ka tuƙo a hankali," na ce.