Jan Rubutun Kusurwa

Inna ta hana a shimfiɗa tabarmar ta'aziyya, kuma a gidan babu wanda ya iya tanƙwara ta. Autanta direban babbar mota ne. Ambaliya ta ci gada da shi a kai. An ciro motar, shi ba a gan shi ba.

Hujjarta tana cikin wayar babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Yaya. Auta ya saba ɗaukar kansa a bidiyo yana tuƙi, yana yi wa abokansa surutu. Wani ya naɗi na ranar ambaliyar ya turo. A kusurwarsa akwai wani ɗan jan rubutu na Turanci.

Inna ba ta karatu, amma tana da ido. Ta gane rubutun nan ne mai gyaran wuta ya yi da jan fenti a jikin akwatin mita. Ta aika aka kira shi.

"Laif ke nan, Inna," in ji shi. "Wato wayar wutar mai rai ce. Kowa ya taɓa ta zai yi rawar da ba a koya masa ba."

"Mai rai," in ji Inna. Ta sallame shi.

Yaya tana sayar da magani a kanti, Turancinta ya ishe ta. Ta san kalmar tana da fuska fiye da ɗaya. A wayar wuta tana nufin akwai wuta. A bidiyo tana nufin kai tsaye, abin yana faruwa a lokacin da ake kallo, kuma lokacin nan ya wuce. Rubutun ya maƙale ne kawai a jikin abin da aka naɗa.

Kawu ya tare ta a bakin ƙofa. "Ke ce mai boko. Shiga ki warware mata, mutane sun gaji da zuwa suna komawa."

Ta tarar da Inna tana ninke rigunan Auta, wayar a jingine da filo. A cikin bidiyon Auta yana dariya, yana tsokanar wani mai babur da ya sha gabansa.

"Inna, kalmar nan ba rai kaɗai take nufi ba."

"To, malama. Tana nufin mutuwa?"

"A'a."

"Ko a wani wurin?"

Yaya ta lalubo duk inda ta taɓa cin karo da kalmar. "Ko'ina ba ta nufin haka."

"To me kawunki yake so in zauna in karɓa?" Inna ta miƙa mata riga. "Kama min hannun nan."

Yaya ta kama, suka ninke tare. Da ta fito, Kawu ya ɗaga gira. Ta ce masa a mayar da tabarmin ɗaki tukuna.

Masu aikin ceto sun ce sun sami ƙofar direba a buɗe. Ba su tantance ko hannu ne ya buɗe ta ko ruwa ba.