Farar Riga a Ƙofar Masu Ja

Alhaji Rilwanu ya mayar wa Mahir da tikitocin da ya kawo. Bai ko ɗaga su ba. Da ɗan yatsa ya tura su kan darduma har suka taɓa gwiwar saurayin.

"Ɗauki abinka."

"Baba, na gayyata ne. Kowane ɗan wasa ana ba shi na iyalinsa."

"Ni iyalinka ne?"

Mahir ya sunkuyar da kai. Ya tattara tikitin, ya yi sallama, ya rusuna a bakin ƙofa don kada kansa ya bugi katako. Ya tafi da tunanin ba za su zo kallonsa ba. Haka Alhaji yake so.

Daga Funtuwa Alhaji ya zo Alkahira, shi da matarsa Hajiya Rabi'atu, saboda autarsu Khairat da ke karatun Hadisi a nan. Ita ta aika cewa ta sami miji, wato Mahir. Bahaushen Sudan ne, yaƙi ya koro danginsa, suna zaune a Hadayek el-Maadi. Sana'arsa ƙwallon kwando, kulob ke biyansa. Alhaji ya binciki asali, bai sami aibu ba. Ya binciki salla, liman ya shaida. Saura hali.

Manyan motoci Alhaji ke da su. Bai taɓa ba direba makulli ba sai ya zauna bayansa sun yi tafiya, ya ga abin da yake yi in an tare masa hanya ko an zage shi a tasha. Durƙuso a ɗaki kowa ya iya. Ya gaya wa matarsa da 'yarsa a fili: zai sayi tikiti da kansa, ya zauna inda yaron bai san yana nan ba, ya kalle shi a wurin aikinsa. In bai gani ba, ba amsa.

Malam Hussain, kawun Mahir, zai zo karɓar amsar ran Asabar da safe. Da yammar ranar jirgin su Alhaji zai tashi. Wasan Juma'a kaɗai ya rage. Khairat ta san mahaifinta. In ya hau jirgi bai ce komai ba, maganar ta mutu.

Ran Juma'a, daga masallaci suka kama hanya. Sun hau jirgin ƙasa na metro a unguwar Ainu Shams, suka sauka suka tari tasi. Tasi ta shiga cunkoso. Direba yana danna oda, yana leƙa kai yana faɗa da mai babur. Alhaji ya kalle shi ya girgiza kai.

"Wannan ko amalanke ba zan ba shi ba."

"Abba, lokaci fa yana tafiya," in ji Khairat.

"Ni nake tuƙin?"

Hajiya tana murza gwiwarta.

Tun kafin su ga zauren wasan suka ji ganguna. Jama'a sun rabu biyu. Masu jar riga suna kwarara ta hagu, masu fara ta dama, 'yan sanda a tsakani da garkuwa. Khairat ta nuna dama.

"Su Mahir ne masu fara. Can za mu shiga."

Layin tagar sayar da tikiti ya yi tsawo, ya lanƙwasa bayan shinge. Suka tsaya. Ana tura su, ana taka wa Hajiya ƙafa. Khairat ta ciro wayarta, ta matso kusa da mahaifinta.

"Abba, in na kira shi kawai, akwai wanda zai fito ya..."

"Ki kira shi, in koma masauki."

Ta mayar da wayar jaka.

Da suka kai taga, mai sayarwa yana ɓarar 'ya'yan kabewa a bayan gilashi. Alhaji ya ɗaga yatsu uku. Mutumin ya yi magana da sauri, ya nuna waya, ya yafito na bayansu.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba a sayarwa haka. Sai an yi rajista a waya tukuna, kowa da fasfonsa da hotonsa. Sunan mutum ake bugawa a tikitin."

"Ƙwallo zan kalla ko Hajji zan je?"

"Haka dokarsu take, Abba."

"Kina garin nan ba ki sani ba?"

"Ban taɓa zuwa ba. Kai ka hana ni tambayarsa."

Suka koma gefe, jikin bango. Khairat ta ɗauki hoton fasfo ɗaya bayan ɗaya. Nata ya shiga, na Hajiya ya shiga. Ta ɗaga wayar saitin fuskar mahaifinta, ta danna. Wayar ta ƙi karɓa. Ta sake, ta sake ƙi.

"Abba... hular ce. Sai ka cire."

Alhaji ya dube ta. Ya dubi jama'ar da ke wucewa. Rabon da ya tsaya a titi kai ba hula, tun yana yaron mota.

"Cire mana, Alhaji," in ji Hajiya a hankali. "Ba wanda ya san ka a nan."

"Ni na san kaina."

Amma ya cire. Ya riƙe ta a ƙirji da hannu biyu. Sanƙonsa yana ƙyalli da gumi. Khairat ta danna, wayar ta karɓa. Ya mayar da hular, ya gyara mata zama, bai dubi kowa ba.

Sai da suka sake bin layin daga farko. Da suka kai, mai sayarwa ya duba wayar, ya tofar da ɓawo a tafin hannu.

"Abyad khalas," ya ce.

Fuskar Khairat ta canja. "Ya ce na gefen masu fara sun ƙare. Saura na masu ja."

Wani siririn mutum mai jakar rataye ya bi gefensu, ya yi wa Khairat raɗa, ya buɗe bakin jakar kaɗan.

"Abba, wannan yana da na masu fara."

"Sunan wa ke jiki?"

Ta tambaya. Mutumin ya ɗaga kafaɗa.

"Na wasu ne. Ya ce ba kullum ake dubawa ba."

"Ba na shiga da sunan wani. Gaya wa na tagar ya ba mu na masu jan."

"Abba, ba ka san mutanen nan ba. Wallahi ba kallo kawai suke zuwa ba. Zaginsa za su yi ta yi."

"Shi na zo gani. Masoyansa ba abin da za su nuna mini. Ina so in ga fuskarsa lokacin da ake zagin uwarsa."

Ya biya. Mai sayarwa ya turo tikiti uku. Kafin ya kira na baya, ya ɗan tsaya ya kalli Alhaji daga sama har ƙasa, kamar zai yi magana. Na baya ya buga gilashi, sai mai sayarwar ya fasa maganar. Alhaji ya riƙe tikitin sosai. Bai iya karanta abin da ke jiki ba, amma nasa ne.

Suka juya hagu.

Hanyar ƙofar masu ja matsattsiya ce, shingen ƙarfe dama da hagu. Kowa ja: riga ja, tuta ja, har yara an shafa musu ja a kumatu. Khairat tana cikin baƙar abaya, Hajiya da atamfa da shuɗin mayafi. Alhaji kuwa kayan Juma'arsa ne a jikinsa, babbar riga ta farar shadda, ta sha guga.

Wani saurayi ya fara nuna shi. Na kusa da shi ya yi fito. Can gaba mai ganga ya juyo, ya canja kiɗa, bakuna suka ɗauki waƙa suna tafi suna kallon wuri ɗaya.

"Me suke cewa?"

"Ba komai, Abba. Mu dai yi sauri."

"Na ce me suke cewa?"

"Wai masu fara sun aiko kakansu."

A bakin ƙofa wani hafsan 'yan sanda mai furfura a gashin baki ya sa hannu ya tare. Ya karɓi tikitin, ya duba fasfo, ya mayar. Sannan ya nuna rigar.

"Ma'alish ya hagg. Mamnu'."

Ya yi wa Khairat bayani a natse. Ita kuma ta juyo, muryarta ta ƙanƙance.

"Ya ce tikitin daidai suke. Amma ba mai shiga gefen nan da fararen kaya. An taɓa yin faɗa a kan haka. Ya ce don lafiyarka ne. Ni da Umma za mu iya shiga. Kai sai ka cire babbar rigar."

"Ta ciki ma fara ce. Da wandon."

Ta fassara. Hafsan ya shafa gashin baki, ya yafito wani mai talla. Mai tallan ya zo da gudu, riguna rataye a hannu. Ya zaro wata ja mai yankakken hannu da ƙatuwar lamba a baya, ya kara ta a ƙirjin Alhaji yana gwada faɗi.

"Tamam! Tamam, ya hagg!"

"Ya ce ka cire babbar, ka sa wannan a kan ta cikin. Shi ke nan, sai mu shiga."

Alhaji ya dubi rigar. Irinta yaran tasha ke sawa suna wankin mota.

"Abba, don Allah. Ba wanda zai gani. Wallahi ba zan faɗa wa kowa ba."

Na baya sun fara turowa. "Yalla! Yalla!" Wani matashi ya miƙo hannu ta kan shinge, ya rataya wa Alhaji jan ƙyalle a wuya, ya ɗaga waya yana dariya yana ɗaukar su tare. Alhaji ya fizge ƙyallen. Bai yi niyyar jefarwa ba, amma ya kuɓuce masa, ya faɗi ƙasa cikin ƙafafu.

Dariyar ta tsaya. Gangar ma ta tsaya.

Sai ihu ya tashi gaba ɗaya. Robar ruwa ta wuce ta gefen kunnensa. Wani ya kama hannun babbar rigar ya ja. Khairat ta shiga tsakani tana magana da Larabci, tana ɗaga hannu sama. 'Yan sanda suka rufo da garkuwa. Hafsan ya duƙa da kansa ya ɗauki ƙyallen, ya kakkaɓe, ya miƙa wa mai shi, ya daka tsawa. Ya tura su ukun wani lungu a bayan shinge, ya tsaya a gabansu har layin ya ci gaba da shiga.

Hajiya ta jingina da bango tana mayar da numfashi. Alhaji ya duba hannun rigarsa. Ɗinkin ya ɗan buɗe.

Daga cikin zauren lasifika ta fara kiran sunayen 'yan wasa. Kowane suna, gefe ɗaya ya yi shewa, ɗaya gefen ya yi ihun tsiya. Khairat ta ɗaga kai. An kira Mahir. Ihun da ya fito ta ƙofar masu ja har ƙarfen shingen ya amsa.

Hafsan ya juyo. Mai tallan yana nan, bai tafi ba, rigar tana hannunsa. Hafsan ya nuna ta, ya nuna ƙofa, ya nuna agogonsa.

"Ya ce zai rufe, Abba. Ya ce zai zaunar da mu kusa da 'yan sanda. Ka sa kawai."

"Na cire hula," in ji Alhaji. "Ya isa. Mu tafi."

"Amsar fa? Gobe Malam Hussain zai zo."

"Ban gan shi ba."

"Amma ba laifinsa ba ne!"

"Ban ce laifinsa ne ba. Na ce ban gan shi ba."

Khairat ta rufe baki da gefen mayafinta. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Kafaɗunta ne kawai ke motsi. Alhaji ya juya ya fara tafiya.

Hajiya ta taso daga jikin bango. Ta cim masa, ta kama tikitin da ke hannunsa. Ya yi zaton riƙe masa za ta yi, ya sakar mata. Ta miƙa wa Khairat.

"Wanne ne nawa? Ciro naki ma."

Khairat ta ware biyu. Hajiya ta mayar masa da ɗayan.

"Me kike yi?"

"Duk matan da 'ya'yanka maza suka aura, wa ka aika ya dubo su? Kai ka shiga gidajen? Ni na shiga. Na dawo na faɗa maka, ka karɓa. Akwai wadda na ce a bari, ka bari. Yau ma zan dubo."

"Wannan daban ne. Wurin maza ne."

"Ga mata can suna shiga da 'ya'yansu."

"Ba ki ga abin da suka yi yanzu ba?"

"Na gani. Kai suka yi wa. Ka jira mu wurin mai shayin can, akwai kujera."

Ta kama hannun Khairat. Tana ɗan ɗingishi, ta nufi ƙofa. Hafsan ya dubi matan, ya dubi Alhaji, ya ja ƙarfen gefe. A ciki aka busa usur, ganguna suka ɗauka.

"Rabi," in ji Alhaji. Bai ɗaga murya ba. "Dawo nan."

Ta tsaya a bakin ƙofar. Ta waiwayo, ta gyara mayafinta.

"Ba zan dawo ba, Alhaji."