Sunkuyon Tanka da Allura

Usur ya daɗe yana alƙalancin kokawar ɗamara, har mutane suka manta sunansa na yanka suka bar shi da sunan abin da ke rataye a wuyansa. Ya raba ƙattin da suka ciji kunnen juna. Ya taɓa busa wasa a zauren da rufinsa ke yoyo, 'yan kallo riƙe da lema. Amma bai taɓa karɓar aiki mai tsinka hanji irin na wannan safiya ba. Wai tsofaffi biyu zai sa su gaisa.

Ga yadda abin yake. Kokawar ɗamara ta bazu ƙasashe da yawa, sai dai ƙungiyoyin duniya biyu ne ke riƙe da ita, Farare da Shuɗɗa, kowace da launin rigar da 'yan wasanta ke sawa. Shugaban Farare shi ne Tanka, wani narkeken tsoho da in ya shiga lif sai sauran mutane su bi matakala. Shugaban Shuɗɗa kuwa Allura ne, siriri, mai baki kamar reza. Malami ɗaya ya koya musu, rana ɗaya aka ɗaura musu baƙar ɗamara. Abin da ya raba su, wasu sun ce dokar riƙon hannun riga ce. Waɗanda suka fi sani sun ce kujerar gaban mota ce, ranar jana'izar malamin nasu.

To, sai kwamitin babbar gasar wasanni ta duniya ya ce zai karɓi kokawar ɗamara, amma ƙungiya ɗaya yake so ya gani, ba biyu ba. Ya turo wata Madam mai tabarau ta zo ta gani da idonta ko haɗewar ta gaskiya ce.

Usur yana da nasa a cikin wannan magana. Autarsa ita ce zakarar Farare a ajin nauyinta, ba wadda ta kai bayanta ƙasa tun da jimawa. Amma shekaru sun fara ja, gwiwarta ta hagu ta fara surutu.

Da safe tana zaune a bakin gadon ɗakinsa na otal tana naɗe gwiwar da bandeji, shi kuma yana gaban madubi yana tafi.

"Baba, tun ɗazu kake tafi kamar mai kashe sauro."

"Atisaye nake yi, 'yar nema. Tafi na farko su sunkuya tare. Tafi na biyu su ɗago tare. Shi ke nan aikin."

Ka san a wasan nan gaisuwa sunkuyo ce. Ƙarami ke fara sunkuyawa, babba ke fara ɗagowa, kuma ba wanda ya isa ya ɗaga kai a zaure kafin manya su ɗago. Farare sun rantse in Allura ya riga nasu ɗagowa za su fice. Shuɗɗa sun rantse irin wannan rantsuwar, har da ƙari.

"In ɗayansu ya yi atishawa fa?" in ji Auta.

"Rufe mana baki, Allah ya shirye ki."

Ta yi dariya, ta ɗaure bakin bandejin. Sai kuma ta daina dariyar.

"Baba, gwiwar nan ba za ta jira wani zagaye ba. In ba a shiga wannan karon ba, na gaba a talabijin zan kalla, kusa da kai, muna faɗa a kan rimot."

"Tafi biyu ne kawai, Autata. Ko jariri ya iya."

An ture kujerun babban zauren otal ɗin zuwa jikin bango, an shimfiɗa katifar wasa a tsakiya don ado. Wakilan ƙasashe sun cika wurin da kwat da turare, Farare a dama, Shuɗɗa a hagu, 'yan wasa a baya. Madam tana sahun gaba, an ba ta Auta ta tsaya kusa da ita tana yi mata bayani. Tanka ya shigo ta wata ƙofa, Allura ta wata, kowa ya ɗaura tsohuwar ɗamararsa a kan kwat. Suka hau katifa suka tsaya suna kallon bangon bayan juna.

Usur ya tsaya daga gefe, daidai tsakaninsu, ya karanta abin da zai karanta a zuci, ya tafa.

Suka sunkuya tare, kamar almakashi. Zaure duka ya sunkuya, har da Madam. Usur ma ya sunkuya, zuciyarsa fes. Rabin aiki ya tafi.

Ya sake tafawa.

Ba wanda ya ɗago.

Ya ce ko ba su ji ba ne, kunnen tsufa. Ya ƙara tafawa da ƙarfi. Ba wanda ya motsa, sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki.

"Usur," in ji Tanka, murya can ƙasa kamar daga rijiya.

"Na'am, Shugaba."

"Bayana ya riƙe."

"Riƙewa kamar yaya, Shugaba?"

"Kamar ƙofar da aka yar da makullinta, sakarai. In ka faɗa wa tsinken nan, wallahi sai na sa ka haɗiye usur ɗinka."

Daga ɗaya gefen Allura ya yi tsaki ba tare da ya motsa kai ba.

"Me buhun nan yake raɗa maka? Gaya masa na gano shi. So yake in riga shi ɗagowa, mutanensa su fice, a ce ni na ɓata taro gaban baƙuwa. To, a kawo mini filo. A nan zan kwana."

"Shugaba, ba haka ba ne."

"To, yaya ne?"

"Usur," in ji Tanka, "ina jin ka fa."

Sai Usur ya sake tafawa, ya kuma tafawa. Can baya wani wakili ya ɗauka lokacin tafi ne ya yi, shi ma ya kama. Na kusa da shi ya taya shi. Kafin ka ce me, zaure duka ya ɗauki tafi raf-raf-raf, kowa kansa a ƙasa, gindi a sama, ana tafa wa abin da ba wanda ya gani.

Da tafin ya mutu sai aljihuna suka fara aman abin da ke cikinsu. Biro ya faɗo, waya ta faɗo, makullan ɗaki suka yi ƙara a kan tayil. Hular wani ta gangara ta tsallaka daga ɓangaren Farare zuwa na Shuɗɗa, ba wanda ya ce mata ƙala. Wani ma'aikacin otal ya turo ƙofa da tiren shayi, ya ga manyan mutane a haka, ya duba dama ya duba hagu, shi ma ya sunkuya da tirensa, kofuna suna karkarwa.

Usur yana jin Madam tana raɗa wa Auta, "Har yaushe ake kaiwa?"

"Ya danganta da girman mutanen, Madam," in ji Auta. "Waɗannan kuwa manya ne ƙwarai."

Muryarta tana rawa. Ya san wannan rawar, dariya ce take dannewa. Sai ga wandon wani ƙato a sahun Shuɗɗa ya ce ɓarrr daga baya. Shi ke nan. 'Yan wasan baya suka fara, dariyar hanci, wadda ake toshewa tana fita ta kunne. Ta bi sahu-sahu tana tahowa gaba. Shi kansa Usur sai da ya ciji leɓe, hawaye yana gangarowa ta goshinsa maimakon kumatu.

Amma wanda yake sunkuye ƙafafu yake gani, kuma abin da Usur ya gani ya kashe masa dariyar. Takalman dattawan Shuɗɗa sun fara juyawa wajen ƙofa. Wani a cikinsu yana ƙunƙuni, wai wulaƙanci ne aka shirya musu. Na Farare su ma sun fara ja da baya a sunkuye, kamar kaguwa. Madam ta ce, wannan karon ba da raɗa ba, tana da jirgin da za ta kama. Ya hangi ƙafar Auta ta hagu, ta ɗan ɗaga ta daga ƙasa don gwiwar ta huta.

Ya dubi tsofaffin nan biyu ta gefen ido. Kai a ƙasa, ƙafafu a ware, hannaye suna reto, goshi ya kusa taɓa goshi. Ya yi shekaru yana ganin mutane a haka. Ai wannan ita ce tsayuwar fara kokawa, ba ragi ba ƙari. Ga kuma katifa a ƙarƙashinsu, kuma a kan katifa babu shugaba, maganar alƙali ce magana. Usur ɗinsa na lilo a gaban hancinsa. Ya cafke shi da baki, ya busa har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ku kama!"

Kai bai sani ba, jiki ya riga ya tafi. Hannayen tsofaffin suka kai wa ɗamarar juna cafka kafin su tuna su wane ne. Allura ya zura hannu ta bayan Tanka, sai ya tsaya cak. Hannun ɗan kokawa ba ya ɓata karatun jiki. Bayan nan ya sandare kamar katako.

"Tun yaushe?" ya raɗa.

"Tun tafin farko."

"Ka bar ni ina ta zagin ka a banza? Wawan tsoho. Saki numfashi."

Ya haɗa ƙirjinsa da na Tanka, ya harɗe hannaye a ƙugunsa, ya yi sama da shi irin yadda suke yi wa juna bayan atisaye tun suna samari. Ƙas! Har na bakin ƙofa sun ji. Suka miƙe tare, manne da juna, ba mai iya cewa kan wa ya riga tashi.

Zaure ya ɗago da nishi da salati, kowa dafe da ƙugu. Aka ga shugabanni rungume da juna, aka ɓarke da sowa. Da a nan abin ya tsaya, da an tashi lafiya.

Amma Tanka ya juya kafaɗa dama, ya juya hagu, ya ji wani daɗi ya ratsa shi.

"Kai! Na koma saurayi!"

Ya ɗaga Allura cak zai kai shi ƙasa. Allura kuwa ya saƙale masa ƙafa a iska. Suka yi tangal-tangal, suka zube tare, tim, katifa ta yi tsalle, kofunan shayi suka bi ta.

"Namu ne!" in ji Farare.

"Ƙarya ne, namu ne!" in ji Shuɗɗa.

Idanu duka suka dawo kan alƙali. Ya busa wasa, dole ya yanke hukunci, kuma duk hannun da ya ɗaga rabin zaure zai kama hanya. Usur yana nan a sunkuye yadda yake tun farko. Mutane suka ɗauka nazarin faɗuwar yake yi. Abin da ke gaban idonsa kuwa tafin takalma huɗu ne, baƙaƙe, masu sheƙi, suna harbin iska. Ya sake busa usur.

"An kore ku, duka biyun! Takalmi a kan katifa! Wa ya koya muku?"

Tun da aka kafa ƙungiyoyin nan ba wanda ya taɓa ɗaga wa ɗayansu murya. Sai aka ji wani sauti kamar butar shayi ta tafasa. Allura ne, kwance, yana dariya. Tumbin Tanka ya fara girgiza, shi ma ya kece.

"Doka ce," in ji Tanka yana share ido. "Wanda ya taka katifa da takalmi shi zai goge ta. Kai mai shayi, ba mu tsumma."

Suka tuɓe takalma, suka karɓi tawul ɗin ma'aikacin otal suka raba biyu, suka duƙa da rarrafe suna goge katifa.

"Nan ka bari, makaho."

"Ɓangarenka ne, buhu. Tun muna yara haka kake, sai ka tura wa mutum datti."

Wakilai suka yi ta hawa kujeru don su gani. Wani Fari ya ba ƙaton nan na Shuɗɗa kwat ɗinsa ya ɗaura a ƙugu. Madam ta cire tabarau tana goge hawaye, ta sha ruwa. Sannan ta ce za ta gaya wa kwamiti ƙungiya ɗaya ta gani, don ƙungiyoyi biyu ba za su iya hauka iri ɗaya haka ba.

Auta ta yi wani ihu, ta manta da gwiwa ta daka tsalle, ta ɗaga Madam sama ta dire ta, ta ba ta haƙuri, ta ruga wajen ubanta.

"Baba! Ka ji? Mun shiga! Baba, tashi mana, an gama!"

"Na ji, Autata. Allah ya yi miki albarka."

"To, ɗago mana in ga fuskarka."

"Zan ɗago. Ina duba ko sun goge da kyau ne."

Ta sunkuyo ta leƙa fuskarsa ta ƙasa. Ya kawar da ido.

"Baba. Kai ma?"

"Rage murya, 'yar nema. Ja ni bayan labulen can."

"Ina! A nan za a yi ta."

Ta harɗe hannaye a ƙugunsa, tana dariya har tana shiɗewa.

"A hankali," in ji Usur. "Ni na haife ki fa. A hankali, na ce!"