Rijiya a Mbeyam

Ranar sadakar arba'in ɗin mahaifina, ban gama cire takalmi a ƙofar gidan Baffa Bukari da ke Stains a gefen Paris ba aka shaida mini an riga an yanke shawara. Rijiya za a haƙa masa, sadaka mai gudana, a ƙauyen da ya rasu.

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Da sassafe na baro Lyon bayan na roƙi abokiyar aikina a asibiti ta riƙe mini majinyatana, ga shi tun kafin in zauna an gama komai.

"Rijiya a ina, Baffa?"

"A Mbeyam mana, ɗiyata. Ina kike so a yi ta, nan Paris a unguwar Château Rouge?"

Mazan da ke falon suka kwashe da dariya. Dukansu mutanen Tahoua ne kamar Baffa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa taka Mbeyam.

Ni a can aka haife ni. Ɗan ƙauye ne a tsakiyar kurmin gabashin Kamaru, inda mahaifina Malam Issa ya bi cinikin koko tun yana saurayi, ya buɗe shago, ya yi aure, ya zauna. A Mbeyam in ka shanya riga sai ta yi funfuna kafin ta bushe. Gishiri narkewa yake a cikin kwalba. Bayan cocin garin akwai idon ruwa da ke fitowa daga dutse, mai sanyi, garau, bai taɓa ƙafewa ba. Wannan garin ne za a kai wa rijiya.

Abin da Mbeyam ba ta da shi gada ce. Tsakanin ƙauyen da hanyar da ke zuwa asibitin gunduma akwai kogi, an gitta masa kututture biyu. In ya cika sai ya shanye su. A bakin kogin nan mahaifina ya cika, kwance a kan ƙyauren da aka ɗauko shi a kai, ƙirjinsa na ciwo, ana jiran ruwa ya janye. Kuma Inna tana can har yanzu da ciwon sukarinta, ta rantse ba za ta bar kabarin mijinta ba.

Duk na faɗa musu wannan, cikin ladabi, a durƙushe.

Baffa ya gyara hularsa. "Hassia, kin yi lakkwal, kin sha boko, mun sani. Amma malamai duka sun hwaɗi, babu sadakar da ta hi shayar da ruwa. Ni da ubanki muna yara, da jaki muka tahiya neman ruwa, wata rana mu komo da tulu wayam. Shi da bakinshi ya ce in Allah ya buɗa mishi sai ya gina rijiya. Ke kina nan lokacin?"

Na dubi yayana Nouhou ko zai sa baki. Yana can ya duƙufa a kan shinkafa kamar an ba shi aikin ƙirga ta.

"Ça va, Hassia, bar shi hakanan," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Har na koma Lyon ban yi masa magana ba.

Watanni muka yi muna ja ta waya. Na aika wa Baffa hoton idon ruwan, ya ce masha Allah, ashe ruwa na kusa, masu haƙa ba za su wahala ba. Na aika masa hoton tsakar gidanmu ruwa ya kai gwiwa, ya ce ai wannan ruwan sama ne, ba ya lissafuwa. Na aika hoton kututturen nan biyu, ya ce Allah ya kyauta, ya tambaye ni ko na ci abinci. Mutum ne mai kirki, shi ya riƙe Nouhou har ya sama masa aiki a wani sito a Aubervilliers. Amma in ya kafe a kan magana, gara ka je ka lallashi bango.

Sai ya sanar cewa da kansa zai je ya tsaya a kan aikin, a watan Oktoba.

"Baffa, Oktoba hwa? Lokacin ne sama ka ɓallewa a can."

"Ke dai! Oktoba an yi girbi, damana ta wuce. Ko'ina cikin duniya Oktoba kaka ce."

Na saya masa takalmin roba da lema, na aika. Ya bar su a motar Nouhou, ya hau jirgi da babbar riga fara sol da takalmin fata.

Ina cin abincin rana a wurin aiki wayarsa ta shigo. Da ƙyar nake jinsa, don ƙarar ruwa ta cika layin kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Ya ce suna bakin kogi da motar haƙa rijiya, direba ya kashe inji ya ce ko za a yanka shi ba zai matsa ba.

"Hassia, ruwa ne ko'ina."

"To ai shi aka je nema, Baffa."

Na san rashin kunya na yi, kuma a lokacin ban damu ba. Na jira faɗa, faɗa bai zo ba.

"Wani mutum ya gwada mini wata itaciya," ya ce. "Nan ne?"

"Nan ne mi?"

"Nan Issa ya kwanta?"

Na ce nan ne.

"Ga kwanon ruhin shagonshi can ina hange. Innarki ta hito, tana ɗago mini hannu. Ba mu jin juna."

Na shiga ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa, na yi kukan da ban samu yi ba ranar rasuwar. Da na share fuska na ce a raina, to, yau dai ya gani da idonsa, zai ce Hassia kin yi gaskiya.

Ina! Da ya dawo Paris ya tara mutanensa, ga abin da ya gaya musu: motar rijiya ba ta iya ƙetarewa, saboda haka dole a yi mata gada. Mota za a yi wa gada, jama'a! Ban da Inna, ban da matan da naƙuda ke kamawa a wancan ƙetaren. Nouhou ne ya kira ya ba ni labari, ya roƙe ni don Allah kada in ce uffan. Na ciji leɓe na yi shiru, kuma ban taɓa yin shirun da ya yi mini wuya irin wannan ba. Ta bakin Nouhou ɗin dai Baffa ya aiko a tambaye ni watan da ruwa ke sauƙi a can, wai shi Nouhou ne ke son sani.

A watan Janairu aka yi gadar, da manyan katakai da ƙarfe, mutanen ƙauyen duk suka fito aiki. Mota ta ƙetare, ta haƙa rijiya a ƙofar shagon mahaifina, ta tarar da ruwa tun ba ta yi zufa ba. Baffa, da ya sake zuwa, ya sha, ya yi addu'a, aka ɗauki hoto. Da ya tafi kowa ya koma idon ruwansa. Samari na wanke babura da rijiyar, Inna kuma tana alwala da ita don kara.

Oktoban da ya biyo, sukarin Inna ya hau, ta faɗi a tsakar gida. Kogi ya cika ya batse. Aka ɗora ta a babur, wani ya riƙe ta ta baya, suka bi ta kan gadar. Da yamma ita da kanta ta kira ni daga gadon asibiti, tana mitar an hana ta shayi mai sukari.

Na kira Baffa na gaya masa.

"Kin gani?" ya ce. "Albarkar rijiya ke nan."

Na buɗe baki. Wallahi maganar ta zo mini har kan harshe. Sai na ji yana jan hanci.

"Ruwan ya kai ina?" ya tambaya a hankali.

"Ya ruhe gindin itaciyar, Baffa."

Ina jin numfashinsa, ina jin ƙarar motoci ta tagarsa.

"To," ya ce, "in ta koma gida, ki ce mata ta dinga shan ruwan rijiyar."

Na ce zan gaya mata.